Ajin da Aka Rufe wa Baba

Daga Allah muka fito, kuma babu wanda zai ƙi komawa. Baba ya riga mu ran wata Asabar da hantsi, kafin azahar har an dawo daga kai shi. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ina ɗaki sai in ji tsakar gida nake so, in na fito tsakar gida sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina kallon 'yan kabu-kabu suna kai da kawowa. Inna ta ce gadon da ya bar mini ke nan, don shi ma bai taɓa iya zama ba. Na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi, ko ƙafafuna sa huta.

Washegarin rasuwar gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi ya cika har waje. Danginsa na Tibiri sun iso tun da sassafe. Dangin Inna na Jiratawa suka biyo baya da ɗaurin zogale, su dama ko makoki ba sa zuwa hannu rabbana. 'Yan kasuwar Sabon Gari, inda Baba ya ƙare rayuwarsa yana sayar da irin lambu, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa da Baban da ya sani. Wata mata daga Jiratawa ta ce tun tana amarya take shuka irinsa, bai taɓa ba ta wanda ya ƙi fita ba. Wani dattijo da ya leƙo gaida Inna ya ce Baba kan bi mutum har gona ya ga yadda kabejin ya yi, in ya tarar an shuka shi a cunkushe ya yi ta faɗa kamar gonar tasa ce. Wata tsohuwa cikin dangin Tibiri kuwa ta gyara zama, ta yi addu'arta, sannan ta ce,

"Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki ne. Amma dai ya wahal da kainai da boko cikin tsuhwa. Mu Holan da munka sani atamhwa ce."

Aka yi 'yar dariya ta makoki, irin wadda ake rufe baki da mayafi. Ni ban yi ba.

Can sai ga wasu matasa, maza da mata, sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ɗaya cikin matan ta shigo ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Mun zo gaisuwar Opa." Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Wane ne kuma Opa?" Na ce mata 'yan ajin Baba ne, kuma haka ake ce wa kaka a harshen mutanen Holan. Ta ce, "To, Allah shi kyauta." Yaran nan su suka fi kowa zubar da hawaye a ranar.

Duk wannan ana yi, hankalina yana kan wayar Baba da na ƙulle a haɓar zanena. Ranar Lahadi ce. Kowa a gidan ya san wadda ke kira ran Lahadi bayan la'asar, kuma har lokacin ba wanda ya gaya mata.

Mu biyu Baba ya haifa, ni da Yayana. Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, Yaya ya samu karatun noman rani a ƙasar Holan. Ya tafi, ya yi aure can, aka haifa masa ɗiya mace. Yarinyar ba ta gama wayo ba ciwo ya ɗauke shi, aka rufe shi can. Baba bai ga gawa ba, bai ga kabari ba. Uwar yarinyar ta ɗan riƙa aiko hoto, daga baya zumuncin ya yi sanyi. Ban ga laifinta ba, mace ce da marainiya a hannu, ga nisan duniya tsakaninmu. Muka dangana.

Sai da yarinyar ta girma ta neme mu da kanta. Ran da ta fara kira ni na riƙe wa Baba wayar. Fuska ta bayyana, fara ce, amma wushiryar Yaya ce, kunnuwan ma nasa ne. Ta ɗaga hannu, Baba ya ɗaga hannu. Ta yi magana, bai ji ba. Ya yi mata Hausa, ya yi ɗan Faransancinsa na kasuwa, ba ta ji ba. Ita harshensu take ji da Ingilishi, mu kuma Ingilishinmu bai wuce na cinikin Jibiya ba. Suka yi ta kallon juna suna murmushi har murmushin ya fara ciwo. Da aka kashe wayar Baba ya zura takalmi ya fita. Sai bayan magariba ya dawo, ƙafafunsa buɗu-buɗu. Inna ta ce, "Malam, ina ka tahi?" Ya ce, "Ni ma ban sani ba."

Na nuna masa cewa waya tana fassara, ka rubuta ta juya maka. Muka ɗan gwada kwana biyu, sai ya ture ta gefe.

"Wanga abu ba shi da murya," in ji shi. "In na ce ɗiyata, mi ya sani cikin ɗiyata? Jikata ce. Da bakina za ni yi mata magana, ba da bakin ƙarhe ba."

Wani mai sayen iri ne ya ba shi labarin wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a bakin gari, wadda ke da ajin yamma na harsuna. Wasu masu proje, 'yan ƙungiyoyin agaji na waje, suka taimaka aka buɗe, saboda matasan da ke neman aiki da su. Aji ɗaya na harshen Holan ne, ɗaya na harshen Suwidin. Washegari Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya hau kabu-kabu. A biro, ofishin rajista, suka ɗauka jikansa ya zo rubutawa, suka tambaye shi ina yaron. Ya ce kansa ya kawo.

Malamar ajin 'yar Maraɗi ce da ta yi zaman aure a can shekaru masu yawa, ta dawo gida. Ita ta raɗa masa Opa, sunan ya bi shi har unguwa. Daga nan gidanmu ya shiga uku. Kullum da safe sai ya tsare Inna ya tambaye ta sunanta da harshen Holan. Ita kuma ta ce, "Tun kana da baƙin gemu nike tuƙa maka tuwo, sai yau kake neman sunana?" Ya gaida awaki, ya gaida mai kawo ruwa, ya ƙirga kaji. A shago ya gano cewa gwangwanayen irin da ya yi shekaru yana sayarwa, da yawansu daga can suke zuwa. Ya riƙa ɗaukar gwangwani yana karanta wa manoma abin da ke jiki, su kuwa suna tsaye da sauri, karas kawai suka zo saye.

Baba ba ya iya hadda a zaune. Ya daina hawa kabu-kabu zuwa shago, sai ya taka daga Zariya har Sabon Gari, hannu a baya, leɓɓansa na motsi. Mutane suka ɗauka wuridi ya ƙara, har wasu suka fara rusuna masa suna neman addu'a. Ni na san abin da yake ja, sunayen kwanakin mako ne da na kayan miya. In na tsokane shi sai ya ce harshe kamar iri ne, in ka ajiye shi ya daɗe ba ya fita.

Ba zan manta Lahadin da ya fara yi mata magana da kansa ba. Ya gaya mata sunansa, ya ce Maraɗi akwai zafi, ya ce yana da awaki, ya ce yana son tuwo. Shi ke nan abin da yake da shi, kuma gumi yake yi kamar wanda ya yi huɗa. Yarinyar ta sa hannu ta rufe baki, tana dariya tana kuka. Na yi murna ran nan irin wadda ban yi ba tun rasuwar Yaya. Daga nan Lahadi ta zama tasu. Ko biki ake a dangi, da an yi la'asar Baba zai saci jiki ya dawo gida ya sa hularsa ta zuwa Juma'a.

Wata rana ya dawo daga aji yana ta dariya. Wai Malama ta ce mutanen can in ka tambaye su lafiya gaskiya suke gaya maka, in kai ke ciwo su ce kai ke ciwo. In kuma ka ce musu lafiya kake, to sun yarda ke nan, ba su ƙara dubanka.

"Ki ji mutane," in ji shi, "ba kara ko kaɗan."

Na ce da haka mutanenmu suke da aikina ya yi sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗakin shan magani, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar in tambayi wanda ba ya iya ɗaga kai ya ce mini da sauƙi. Baba ya ce ai ladabi ke nan, ba a ɗora wa mutane nauyin jikinka. Muka yi ta musu har tuwo ya huce. Mun saba, ni da shi ba mu cika gama magana a wuri ɗaya ba.

Ana nan sai masu projen suka tattara nasu ya nasu suka bar gari. Ba a daɗe ba aka sanar cewa za a rufe azuzuwan da ɗalibansu ba su da yawa, ana son ɗakunan don karatun na'ura. Ajin Suwidin aka fara nunawa da yatsa, don waɗanda suka rage a ciki hannu ɗaya ya ƙirge su. Baba ya ji tausayinsu. In an tashi daga nasu ajin sai ya shiga na Suwidin ya zauna a bencin baya, wai don a ga kai ya ƙaru. Ko kalma ɗaya ba ya ji. Malamin ajin ya gaya mini ran makoki cewa Baba kan gyaɗa kai a duk inda ya ga ya dace, in an tashi kuma ya raba wa kowa ƙuli-ƙuli.

Da ya ji cewa nasu ajin ma yana cikin lissafi, sai ya yi abin da ya sani. Manomi in aiki ya fi ƙarfinsa gayya yake kira, Baba ma gayya ya kira. Ya je Tibiri ya ɗauko Baba Ƙarami, ƙanensa, da wani abokinsa na ƙuruciya daga wani ƙauye a bakin gulbi, tsoho mai bin al'adar kakanni. Ya je Jiratawa ya taso ƙannen Inna daga cikin lambu. Ran da aka ce shugaban makarantar zai zagaya azuzuwa, ya tarar da benci cike maƙil da dattawa, wasu da rawani, wasu da malfa a kan gwiwa, an raba su biyu, rabi a Holan rabi a Suwidin. An ce ɗaya daga cikin kawunnaina har ya yi barci.

Shugaban bai yi musu rashin kunya ba, wannan zan faɗa. Ya gaida su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Sannan ya ce su sunayen da aka rubuta suke dubawa, ba kawunan da ke kan benci ba, kuma an riga an gama magana. Baba ya ce a bar su dai su kai ƙarshen littafi. Shugaban ya ce ba a hannunsa take ba. Tsohon nan na bakin gulbi ya tashi yana kaɗe riga ya ce,

"Mu can ko iskoki za a kira, kowane da harshen da aka yi mai magana. Wanga mutum ɗiyar ɗanai shika kira. Ku da kunka yi karatu ba ku gane ba?"

Baba ya kai gayyarsa tasha, ya saya musu rake, kowa ya kama hanyar garinsu.

Har yau in na tuna ina jin haushi. Ban ce a riƙe aji don tsoho ɗaya ba, na san makaranta ba gidan sadaka ba ce. Amma abin da aka fara da mutane a bari su kai shi gaci mana. A tsakiyar littafi aka tsayar da su, sun yi gaisuwa, sun yi kasuwa, sun yi dangi da yanayin gari, sauran shafukan ko buɗe su ba a yi ba. Malama ta nemi abin yi ta rasa, ta tafi Kwatano. Waɗanda suka yanke hukuncin kujeru marasa kowa suka gani, kuma gaskiya ne akwai su. Ba su san abin da ke rataye a kan kujerar da ke da mutum ba.

Bayan rufewar Baba ya zama abin tausayi da abin dariya a lokaci guda. Ya ji an ce akwai wani Bature a Jiratawa wajen masu haƙa rijiyoyi, ya bar shago a buɗe ya tafi, ashe mutumin ɗan wata ƙasa ne daban. Aka ce masa akwai wani a Tibiri da ya yi aikin jirgin ruwa da mutanen Holan, ya je ya same shi, ya tarar duk ya manta sai zagi. Ya tara 'yan ajinsu a gindin dogon yaro gaban shago suna maimaita abin da suka sani, amma matasa ne masu neman abinci, a hankali suka zare jiki. In lokacin aji ya yi sai ka ga ya kasa zaune ya kasa tsaye. Wani ɗan kabu-kabu ya gaya mini yakan kai shi ƙofar makarantar, ya sauka ya ɗan tsaya, ya ce a mai da shi gida.

Hirar Lahadi ta tsaya inda littafi ya tsaya. Zafi, awaki, tuwo, sai a sake komawa zafi. Da ya ga haka sai ya ce tunda an rufe masa nasa ajin, bari shi ya buɗe mata nata. Ya fara koya mata gaisuwar Hausa, ina kwana, ina wuni, ina gajiya, sannu. Ta riƙa maimaitawa da irin bakinsa, kai ka ce a Sabon Gari aka yaye ta.

Cikin bazara ya fara rama, ƙafafunsa kuma suka kumbura. Na kai shi wajen likita da ƙyar. Likitan ya duba takardun gwaji, ya dube ni, ya kau da kai. Na san wannan kallon, ni ma ina yi wa mutane shi. A daidai lokacin ne yarinyar take shirin zuwa ganinmu karo na farko. Ta ce ko ta zo yanzu ta yi 'yan kwanaki, ko ta bari sai lokacin sanyi da za ta samu dogon hutu a wajen aiki. Ta tambaye shi lafiyarsa. Ina zaune a gefe, na ji kalmar da ya faɗa, don duk gidan mun haddace ta. Ya ce lafiya lau. Ta ce to sai sanyi.

Da ya ajiye wayar na ce, "Baba, mi ya sa ba ka gaya mata ba?"

Ya ce, "Ba a tada hankalin na nesa."

Na ce, "Kai ka ce mani mutanen can in an ce masu lahiya yarda suke."

Ya ce, "Ke dai ba ki rabo da gardama. Kawo mani ruwa."

Na kawo masa ruwa, na kuma shiga ɗaki na rubuta mata da Faransanci, waya ta juya, na aika. Ban ɓoye masa ba, na fito na gaya masa na yi. Washegari ta kira, ba Lahadi ba, fuskarta duk a firgice. Baba da ke kwance ya yunƙura ya zauna, ya ce a miƙo masa hula. Ban san inda ya samo muryar ba. Ya ce mata gajiya ce kawai, ya ce awaki suna gaishe ta, har ya yi mata 'yar waƙar da Malama ta koya musu. Ta yi ajiyar zuciya. Tsakanin kakanta da yake mata magana da bakinsa da saƙon da na'ura ta juya, kakanta ta gaskata, kuma ko ni ce ita haka zan yi.

Ya daina yi mini magana. In yana son abu sai ya ce wa Inna, "Ki ce ma likitar gidanga ta rage gishiri," alhali ina tsaye a gabansa. Ni ma na hau dokin zuciya, na riƙa ba shi magani ba tare da na ce masa sannu ba. Inna ta ce ita ta gaji da zama tsakanin duwatsu biyu.

Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a ƙafa, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ke kina tsammani ban so ta zo?"

Na ci gaba da shafa masa man.

"Da Hausa nike da ita, sai in ce jiki ya yi nauyi. In ce sai a hankali. In ce mun gode Allah. Ta gane, ta kamo hanya, ba wanda ya hirgita wani. Amma cikin harshensu abu biyu gare ni, ko in ce lahiya, ko in ce za ni mutu. Na tsakani ba mu kai wurin ba aka ruhe aji. Yarinyar da ubanta ya tahi ya bar ta, in buɗa baki in jehe ta da wannan kamar dutse?"

Tausayinsa ya kama ni har na kasa ci gaba da shafawar. Na ce bari mu nemi Malama ta gaya mana yadda ake faɗa. Muka kira, lambar ta daina shiga. Na tambayi 'yan ajinsu, ba mai wata. Baba ya ce a bari, zai haɗa da abin da yake da shi. Ya kwashe kwanaki yana zagaya tsakar gida dafe da bango, leɓɓansa na motsi, yana ɗauko kalma daga kasuwa ya haɗa da ta yanayin gari, ya rushe ya sake.

Lahadin ƙarshe ya gwada. Ya ce mata ya tsufa, ya ce ya gaji, ya ce rana ta yi yamma. Ta ce ya huta sosai. Sai ta ɗaga wata takarda ta nuna masa a fuskar waya, tana ta murna, ta sayi tikitin jirgi na lokacin sanyi. Na ga bakin Baba ya motsa, ya tsaya. Sannan ya tafa mata hannu, ya ce ya yi kyau. Asabar ɗin da ta biyo ya cika.

Shi ya sa ran makokin nan nake ta taɓa haɓar zanena. Da aka yi sallar la'asar Baba Ƙarami ya aiko a kira ni zaure.

"In ta kira," in ji shi, "a ce mata jikin ya tsananta, ta taho. In ta iso a gaya mata. Haka aka yi ma na nesa tun kakanni."

Na ce, "Baba Ƙarami, an yi mata irin tamu har ta isa."

Ya ɓata rai ya ce, "Ke kam ubanki kin ɗauko, ba ki bar komi ba." Daga bayan ƙyaure Inna ta ce, "A bar ta ta yi." Ban taɓa jin Inna ta sa baki a maganar zaure ba sai ran nan.

Na koma wajen 'yan ajin Baba na tambaye su ko akwai wanda ya san yadda ake faɗar rasuwa a hankali da harshen. Suka dubi juna. Wadda ta durƙusa wa Inna ta ce, "Anti, ba mu kai wurin ba."

Wayar ta yi ƙara. Tsakar gida ta yi tsit, har masu jan carbi suka tsaya. Na shige ɗakin Baba na ja labule. Fuskarta ta bayyana da murmushinta, da wushiryar Yaya. Da ta ga ni ce ta ɗan yi mamaki, sai ta gyara murya kamar 'yar lakwal ta ce,

"Ina wuni, Goggo? Lahiya?"

Muryar Baba ce sak. Bakina ya buɗe da kansa, kuma wallahi lahiya lau ce a kan harshena, ni da na ƙare rayuwata ina faɗa da ita. Na haɗiye ta da ƙyar.

Na ce, "Ba lahiya ba, ɗiyata."

Murmushin ya tsaya. Na juya wayar a hankali, na nuna mata gadon, an ɗame shimfiɗa, hular Juma'a tana kan matashi. Na ɗaga labule na nuna mata tsakar gida cike da mata a kan tabarmi. Da na juyo da wayar ta riga ta gane. Ta yi kuka, na yi, ba mai harshen rarrashin wani. Mun daɗe a haka. Can ta share fuska, na ga idonta yana yawo, tana lalube cikin 'yan kalmomin da ya bar mata. Ta ce,

"Sannu, Goggo."

Duk cikin waɗanda suka yi mini gaisuwa a kwanakin nan, da masu dogayen addu'o'i da masu wa'azi, ba wanda ya faɗi abin da ya fi wannan dacewa.

Tana nan zuwa lokacin sanyi, ba ta mai da tikitin ba. Zan kai ta Tibiri ta ga inda aka haife shi, in kai ta Jiratawa ta ci zogale, in tsaya da ita daga nesa in nuna mata inda yake kwance. Littafinsa yana kan taga, da tsinken tsintsiya a shafin da aka tsaya. Nakan ɗauka in buɗe shafi na gaba, in ajiye, in fita bakin ƙofa. Duk faɗin Maraɗi ban san wanda zai karanta mini shi ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya ƙafafun nan da ba su huta ba. Allah ya sada shi da Yaya a inda ba a neman tafinta.